Takarda a Ƙarƙashin Kofin Shayi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan shayin Madam Inshirah, kuma ban taɓa ɗaga kofin ba tare da gabana ya ɗan faɗi ba. Shayin ba shi da laifi, baƙi ne mai kauri, sukari cokali biyu, yadda nake so. Abin da ke ƙarƙashin kofin ne damuwar. In ta ajiye maka shi ba komai a ƙasa, ka sha hankalinka kwance. In kuwa ka hango gefen wata 'yar takarda rawaya ya leƙo, to jiya ka tafka kuskure a aikinka, ita kuma ta gano.

Sunana Safwat, manhaja nake rubutawa. Kamfaninmu ƙarami ne, hawa na huɗu a wani bene a unguwar Sumuha, nan birnin Iskandariyya na Masar. Abin da muke yi shi ne manhajar da ƙananan asibitoci suke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki: sunan mutum, ranar ganin likita, maganin da aka ba shi, da wanda jikinsa ba ya karɓa. Mu goma sha huɗu ne masu rubutawa. Masu gwaji su tara ne, aikinsu su bi abin da muka rubuta su tattaka shi, su murɗa shi, su ga ta inda zai karye kafin ya isa gaban likita. Inshirah ce babbarsu a shekaru, kuma a watannin da zan ba ku labarinsu, ita ce take bakin rasa aikinta.

Ba ta ƙofar jami'a ta shigo wannan sana'a ba. 'Yar unguwar Bakus ce, mahaifinta kwandastan tiram ne, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ya rasu tana ajin ƙarshe a sakandare. Ta koyi buga keken rubutu, ta sami aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani asibitin unguwa, ta yi shekara goma sha huɗu a kan kujera ɗaya. A can ta yi aure, a can ta haifi 'yarta Bahija, a can kuma asibitin ya sayi manhajarmu. Tun daga makon farko ta soma kiran kamfani. Yau abu kaza ya maƙale, gobe an buga sunan mutum sau biyu, jibi takardar magani ta fito da ranar jiya. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, sai dai ba ta ajiye waya sai an rubuta abin da ta ce. Tsohon mai kamfanin ya gaji, wata rana ya ce, "Ku ɗauko mini matar nan. Gara ta riƙa yi mana tsiyarta a cikin gida, da dai ta yi mana a gaban likitoci." Da haka ta zama mai gwaji.

Ni na same ta a can. Ranar da na fara aiki, ina ji da kaina, digirina ɗanye sharaf, na rubuta wani shafi na yi wa mara lafiya rajista, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta zauna, ta danna maɓallin ajiya sau biyu da sauri, ta zare wayar wutar kwamfutar, ta mayar. Da shafin ya dawo, mutum ɗaya ya zama uku.

Na ce, "Haba Madam, wane ne zai yi haka?"

Ta ce, "Ni. Kullum. Waya tana ƙara a kunnena, mace tana tsaye da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa, wuta kuma ta ɗauke. Kai ka taɓa zama a wancan teburin, Ustaz?"

Ustaz a nan lakabin girmamawa ne ga duk mai ilimi, ba sai na addini ba. Teburin kuwa ban taɓa zama a kansa ba. Washegari na sami shayina na farko da takardata ta farko.

Akwai rajista a kwamfuta da aka tanada don a shigar da kowane kuskure. Kowa yana iya buɗe ta, kuma kowane kuskure yana fitowa da sunan wanda ya gano shi da sunan wanda ya yi shi. Inshirah ba ta cika zuwa wurin ba. Abin da za a iya gyarawa yau ko gobe, sai ta rubuta shi a takarda, ta sa kwanan wata a sama, ta kawo maka da shayi. Wani lokacin ma tun kafin ka rubuta layi ɗaya za ta karanta tsarin da ka zana, ta ce nan zai ba ka ruwa, sai kuskuren ya mutu bai ga rana ba. Na taɓa tambayarta dalili.

Ta ce, "Mutumin da na ci wake da gurasa da shi a kwano ɗaya da safe, in je da rana in liƙa sunansa inda kowa zai gani? Don me? Gyara nake so, ba tonon asiri ba. Ka gyara, magana ta mutu."

Duk wanda ya tashi a unguwanninmu zai gane wannan. Mu ma mun gane, mun kuma ji daɗi, musamman ni, don teburina ne kusa da nata, kuma mafi yawan abin da nake rubutawa ta hannunta yake bi. Takardun ban san me ya sa nake tara su ba. Da farko don kada in manta ne, daga baya ya zama ɗabi'a. Nakan jefa su a aljihu, in na je gida in zuba a wani tsohon gwangwanin biskit, matata tana yi mini tsiya wai na mayar mata da kabad ofis.

A farkon bara tsohon ya sayar da rabin kamfanin, aka kawo mana sabon shugaba, Injiniya Midhat, wanda kowa ke ce wa Bashmuhandis, wato babban injiniya. Shekara takwas ya yi a Dubai. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai tsafta, mai gaisuwa, ya haddace sunanmu duka a kwana biyu. Amma a taron farko ya ce, "'Yan uwa, ni ban san ku ba, kuma ba na so in yi wa kowa hukunci da fuska. Lamba ce za ta gaya mini wane ne wane." Maganar ta yi mini daɗi a lokacin, har da gyaɗa kai.

Cikin mako biyu aka kafa babban allo mai haske a bango, daidai inda muke cin abincin safe. A sama yana nuna gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta, dubu huɗu da 'yan kai, in duk sun wuce lafiya sai wurin ya yi kore. Kusa da shi akwai wata lamba da ke cewa gwaji ya taka kashi casa'in da huɗu cikin ɗari na abin da muka rubuta. A ƙasa kuma jeri biyu ne. Na hagu namu ne, masu rubutawa, wanda aka fi samun ƙarancin kuskure a aikinsa shi ne a sama. Na dama na masu gwaji ne, wanda ya fi shigar da kurakurai a rajista shi ne a sama.

Kun riga kun ga yadda ta kasance. Ni ne na ɗaya a hagu, da kuskure huɗu kacal. Inshirah ce ta ƙarshe a dama, da shida. Aka ɗauki hotona aka manna a gefen allon, aka kuma soma raɗe-raɗin ni za a ba shugabancin sashe. Sannan Midhat ya sanar cewa tunda na'ura ta ɗauke wani ɓangare na aikin gwaji, nan da wata uku za a sallami mutum biyu daga cikin taran, kuma jerin dama ne zai faɗi ko su wa.

Ofis ya canza kamar an zuba wa tururuwa ruwan zafi. Ra'afat, mai gwajin da ke zaune kusa da taga, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya fara gano dabara. In ya tarar da harafi ya karkace a shafi bakwai, ba zai shigar da shi a matsayin kuskure ɗaya ba, sai ya yanka shi bakwai. A mako guda ya shigar da arba'in da ɗaya. Sauran suka bi sahu. Mu kuma masu rubutawa muka koma musu da rantsuwa, wannan ba kuskure ba ne, haka aka tsara shi. Mutanen da suke raba gurasa ɗaya suka koma kallon juna ta wutsiyar ido. Ban ga laifin Ra'afat ba har yau, abincin gidansa yake karewa.

Wata rana da azahar na tarar da Inshirah ita kaɗai a ɗakin shayi. Na ce, "Ummu Bahija, don Allah ki yi yadda kowa ke yi mana. Ki daddatsa su. Ke da kike ganin abin da ba wanda ke gani, ai a kwana uku kin wuce Ra'afat."

Ta ce, "In daddatsa kuskure kamar ina sayar da hanta a bakin titi? Kai ma dai, Safwat. Shekarata arba'in da takwas, yanzu zan koyi wannan?"

"To ki shigar da waɗanda kike samu ɗin."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Na wa?"

Na yi shiru. Na san na wa ne, ita ma ta sani. Da na ce mata ki shigar da nawa, da magana ta ƙare a nan. Amma hotona yana bango, shugabancin sashe yana yi mini ƙyalli, sai na kama juya cokali a kofi na ce Allah zai kawo mafita. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu a rayuwata, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Ita kuwa ba ta zauna jiran mafita ba. Mako biyu ta daina fita cin abincin rana. Ta buɗe duk ƙorafe-ƙorafen da asibitoci suka aiko cikin shekara uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana duba wane ɓangare ne ya ba da matsala da kuma wane ne ya sa hannu a kansa kafin a sake shi. Ta kai wa Midhat shafi biyu. Ƙofar ofishinsa gilashi ce, kuma ba a rufe ta sosai ba, na ji komai.

Ta ce, "Bashmuhandis, allonka yana ƙirga abin da muka kama. Ni kuma na ƙirgo maka abin da ya kuɓuce mana ya isa gaban likita. Ai wannan ne mara lafiya yake ji a jikinsa. Duba nan, daga ɓangarorin da na sa wa hannu, biyu ne a shekara uku."

Ya karanta, kuma na ga alamar ya yarda. Amma ya ce, "Madam Inshirah, wannan ma'auni ne mai kyau, wallahi. Sai dai abin da ya kuɓuce ba ya bayyana sai bayan wata shida ko shekara. Ni kuma masu kamfani kowace Alhamis suke son lamba. Sannan wa ya san ko ɓangarorinki ba su da matsala ne don hannun Ustaz Safwat yana da tsafta? Ga shi nan allo ya nuna."

Ta waiwayo ta gilashin, idonmu ya haɗu. Na sunkuyar da kai na kama danna abin da ban san me nake dannawa ba. Ta ce masa, "Haka ne, hannunsa yana da tsafta," ta tattara takardunta ta fito. Washegari ma shayina ya zo, da takarda a ƙasa kamar kullum.

A wata na ukun ne muka shirya sakin sabon zubin manhajar. Babban abin da ke ciki ni na rubuta shi. Asibitoci sun daɗe suna kukan cewa mutum ɗaya yakan sami fayil biyu ko uku, don duk zuwansa sai a sake yi masa rajista. Sai na tsara cewa in manhaja ta ga fayil biyu masu lambar waya ɗaya, sunan farko ɗaya, adireshi ɗaya, kuma ranar haihuwa ba ta saɓa ba, ta haɗe su, ta riƙe bayanan na baya-bayan nan. Na'ura ta gwada shi ta kowace fuska, allo ya yi kore shar. Ranar Alhamis za a tura wa asibiti sittin da biyu.

Ranar Talata da safe Inshirah ta ajiye mini shayi, ba ta koma teburinta ba. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce, "Wannan ba na takarda ba ne, Safwat. Ba zai gyaru kafin Alhamis ba, kuma dole in shigar da shi. Na zo ne in gaya maka da bakina kafin in rubuta."

Ta nuna mini. Na duba sau biyu, na ga gaskiyarta. Duk da haka sai da bakina ya ce, "Ummu Bahija, ki bar shi ya wuce mana, a zubi na gaba zan gyara. Mutum nawa zai shafa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ɗaya ma ai mutum ne." Ta tashi ta je ta shigar da shi, ta kuma ƙi sa hannu a takardar saki.

Da yamma Midhat ya tara mu. Ransa a ɓace yake, ya riga ya yi wa masu kamfani alkawarin Alhamis. Ya nuna allon ya ce, "Gwaji dubu huɗu da ɗari biyu, duk kore. Kashi casa'in da huɗu. Madam, ki fahimtar da ni yadda kuskure ɗaya zai tsayar da wannan."

Ta ce, "Mutanen da na'urarka take gwaji da su, Bashmuhandis, kowa da wayarsa, kowa da ranar haihuwarsa, kowa da gidansa. Ni ban taɓa ganin irinsu a asibiti ba. Bari in nuna maka namu."

Ta haɗa kwamfutarta da allon, lambobin suka ɓace. Ta buɗe sabon fayil, ta rubuta Bahija. Ta ce, "Mahaifiyata ke nan, shekararta saba'in da wani abu. Ba ta da waya, da tawa nake kama mata layi. Ranar haihuwa kuma, ba mai cika wannan gurbin in layi ya yi tsawo, na zauna a wurin na sani." Ta sa lambarta da adireshin gidanta, sannan ta je gurbin magungunan da jiki ba ya karɓa ta rubuta fenisilin. Jan layi ya fito a saman fayil ɗin. Ta ce, "Sau ɗaya aka yi mata allurarsa, sai da ta kwana uku ba ta san inda take ba."

Ta buɗe fayil na biyu, ta sake rubuta Bahija. "Wannan 'yata ce, sunan kakarta ta ci. Gida ɗaya muke, ita ma tun tana ƙarama lambata ce a fayil ɗinta. Lafiyarta ƙalau, ba maganin da ke damunta." Ta danna ajiya.

Fayil biyun suka zama ɗaya a gaban idonmu. Jan layin ya ɓace.

Ta juyo ta ce, "To, a cikinku wane ne ba shi da 'ya ko ƙanwa mai sunan kakarta? Ra'afat, sunan wa babbar 'yarka ta ci?"

Ra'afat ya ce a hankali, "Na mahaifiyata."

"Da wayar wa ake kama musu layi?"

"Ta matata."

Midhat ya cire tabarau ya murza ido. Ya ɗaga saki da mako biyu, ya gode mata a gaban kowa, kuma godiyar ta gaskiya ce. Amma da aka watse ya tsayar da ita, ni ma ina wurin ina naɗe wayoyi. Ya ce, "Madam, zan faɗa miki gaskiya don kada ki ji a bakin wani. Yau kin cece mu. Amma jerin wata uku ya riga ya rufe, kina da goma sha ɗaya, na sama da ke yana da hamsin da takwas. Na yi wa kowa alkawari lamba ce za ta yi hukunci. In na karya don ke, me zan ce wa wanda zai tafi a madadinki? Ranar Lahadi zan miƙa sunaye."

Ta ce, "Ban roƙe ka ba, Bashmuhandis. Kafin Lahadi dai ina nan, kuma gyaran Ustaz Safwat ta hannuna zai bi." Ta ɗauki jakarta ta tafi kama tiram.

Laraba da Alhamis ta yi aiki kamar ba abin da ya faru. Har ta rubuta dogon bayani na irin mutanen da ya kamata a koya wa na'ura ta riƙa gwaji da su, kaka da jika, tagwaye, mai gadi da duk mutanen bene suke amfani da lambarsa, don wanda zai gaje ta ya samu. Ganin wannan bayanin ne ya ƙarasa ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci na sauko da gwangwanin biskit ɗin, na zazzage shi a kan tabarmar falo. Matata ta ce lafiya? Na ce ba lafiya ba. Na ware na watanni ukun nan ta kwanan watan da ke samansu, na ƙirga. Casa'in da huɗu ne. Na ɗaure su da roba, sauran na shekara goma sha ɗaya na mayar cikin gwangwani.

Lahadi ƙarfe takwas da rabi na shiga ofishin Midhat ban ƙwanƙwasa ba. Na ajiye ɗaurin a gabansa, na ajiye gwangwanin a gefe.

Na ce, "Bashmuhandis, ka ce hannuna yana da tsafta. Ga hannun nawa. Kowace takarda kuskurena ce, ita ta gano, ta kawo mini a ɓoye na gyara. Waɗannan na wata ukun nan ne. Ka duba kwanan watan, ka duba ranar da na yi gyaran a kwamfuta, za su yi daidai. Lambar da ka sa a ƙarƙashin hotona tata ce."

Ya warware robar, ya ɗauki guda biyar, ya bi su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ka san in na shigar da waɗannan, ita za ta koma ta uku, kai kuma za ka koma na biyun ƙarshe? Ka san maganar shugabancin sashe ta tashi ke nan?"

Na ce na sani.

Ya aika aka kira ta. Da ta ga takardunta a baje a kan teburin, fuskarta ta canza, ban taɓa ganin ta cikin fushi irin na ranar ba. Ta ce, "Wa ya aike ka? Shekara goma sha ɗaya ina rufa maka asiri, ka zo ka yaye da hannunka? Ka haukace ne, Safwat?"

Na ce, "Da aikinki kike rufa mini, Ummu Bahija. Ni kuma ina kallo."

Ta zauna, ta ɗauki takarda ɗaya ta duba, ta ce, "Wannan ma ashe ka ajiye? Ai wannan wauta ce ta ƙarshe, ranar sai da na yi dariya ni kaɗai."

Midhat bai sauke allon ba, kada ku yi tsammanin haka. Ya dai ƙara masa ma'aunin da ta kawo, na abin da ya kuɓuce ya isa asibiti, ya kuma hana daddatsa kuskure ɗaya. Ya gindaya mata sharaɗi, daga ranar komai sai ya shiga rajista, ƙarami da babba, ba sauran takarda a ɓoye. Ta ce ta yarda, da nata sharaɗin: ba za ta rubuta sunan kowa ba sai ta fara zuwa ta gaya masa ido da ido. Ya ce wannan tsakaninku ne. Mutum biyu sun tafi duk da haka, kuma ɗayansu da ba zai tafi ba in da na bar gwangwanina a kabad. Mun haɗu da shi sau ɗaya a tashar Sidi Jabir, ya amsa gaisuwata a daƙile, ban ga laifinsa ba. An cire hotona a makon, wani aka ba shugabancin sashen.

Litinin da safe na zo na zauna. Kofin shayi yana kan teburina, ba takarda a ƙasa, ita kuma ba ta wurin. Tsoro ya kama ni, na ce ko ta yanke hulɗa da ni ke nan. Ina cikin haka sai ga ta ta fito daga ɗakin shayi da nata kofin, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ustaz, gyaran da ka yi wa kaka da jika ya yi. Amma tagwaye Hasanat da Husniyya, in mai rajista ta gajarta sunan ta rubuta harafin farko kawai, har yanzu yana haɗe su. Na zo in gaya maka kafin in rubuta."

Na ce, "Rubuta."

"Da sunanka fa zai fito. Kowa zai gani."

"Na ce ki rubuta, Madam. Ko sai na haɗa ki da Allah?"

Ta ɗan tsaya tana kallona ta saman tabarau, sannan ta koma teburinta. Na ji ƙarar maɓallai. A kan allo lambata ta tashi daga casa'in da tara zuwa ɗari, tata ma ta ƙaru da ɗaya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sha shayinka kafin ya huce, aiki yana jiranka."

Na ɗaga kofin na sha, gabana bai faɗi ba.